Wa Ya Koya wa Tsohuwar Nan Kalmar Buta?

Gwaggo Maijidda, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, domin wadda na saba zazzage wa cikina a garin nan ita ce yanzu nake zargi. Daga Guangzhou ta ƙasar Sin nake rubuto miki. Jaridarku tana iso mana ta hannun masu zuwa sarin kaya, wani lokacin ma an naɗo kilishi da ita, amma haka muke warware ta mu karanta da mai-mai ɗinta, kuma shafinki nake fara nema.

Ni Bakanuwa ce, shekarata arba'in da ɗaya. Mijina ya rasu, Allah ya ji ƙansa, yarana uku suna Kano wajen mahaifiyata. Shekara huɗu ke nan ina zaune a unguwar Xiaobei, inda yawancin mutanenmu suke, a wani gida mai ɗaki uku a hawa na takwas na wani tsohon bene da ba shi da lif. Sana'ata saukar baƙi. Matan da ke zuwa sari daga Kano da Katsina da Maraɗi wajena suke sauka, in tuƙa musu tuwo, in raka su kasuwar leshi da ta takalma, in kai su Xintang wajen masu ɗinka wandon jins, in haɗa su da masu kago, wato masu aika musu kayan gida. Da gidan nan nake ci, da shi yarana suke karatu. Tun da aka fara shirin wasannin Olamfik masu gidaje da yawa suka daina ba baƙar fata haya, kuma ga shi an gama wasannin wata biyu ke nan amma abin bai sassauta ba. Yarjejeniyar hayata za ta ƙare a ƙarshen Disamba. In gidan nan ya suɓuce min, ban san inda zan sa kaina ba.

Mai gidan wata tsohuwa ce da ta haura saba'in, ina kiranta Ayi, yadda ake kiran manyan mata a nan. Ba ta jin Turanci, ni kuma Sinancina bai wuce na ciniki ba: nawa ne, ya yi tsada, babu, na gode. Da murmushi da nuni da hannu muka yi shekara huɗu lafiya lau. Har lemo take kawo min lokacin sabuwar shekararsu.

Abin ya samo asali ne daga sanyin farkon shekarar nan, wanda tsofaffin garin ma suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Gidajen nan ba a gina su don sanyi ba. 'Yar hitar lantarki ce guda ɗaya a banɗaki, mutum biyu in sun yi wanka ruwan zafinta ya ƙare, sai a jira. Ki ƙiyasta mata shida ko bakwai, kowacce da alwalarta sau biyar, kowacce kuma ba ta yarda ruwan sanyi ya taɓa ta. Hitar ba ta huta ba dare ba rana. Da sunan Ayi takardar wuta ke zuwa, ita ke kawo min in biya, kuma a watan nan da ta miƙo min sai da ta girgiza kai. Sannan maƙwabcinmu na ƙasa ya taɓa kai ƙara wai ruwa na tsattsafo masa ta rufi. An gyara, an wuce wajen, amma tun ranar na sa a raina cewa butocinmu sun tsone wa mutanen benen nan ido. Guda bakwai ne jere a bakin banɗaki, kowacce da launinta.

Bayan Ƙaramar Sallah da kwana kaɗan sai ga Ayi ta hawo da wani mutum mai shuɗiyar riga da tambarin kamfani a aljihu. Ya auna banɗaki, ya auna bangon baranda, ya ɗauki hoton mita. Ayi kuwa ta tsaya tana nuna min banɗakin, daidai inda butocin suke jere, tana faɗin wata kalma. Da farko na ɗauka kunnena ne. Ta sake faɗa. Gwaggo, buta take cewa. Ta ɗan karya ta irin yadda bakinsu ke karya kalma, tana cewa "butiye", amma buta ce ƙiri-ƙiri.

Nan take na kira Fasuma. Ita 'yar Maraɗi ce, ta riga ni zuwa garin nan, ta shiga makaranta ta koyi yarensu har tana karanta rubutunsu. Ita ta sauke ni ranar da na fara zuwa, ita ta samo min gidan nan ma, kuma ba ni da aminiya kamarta. Ta zo, suka yi ta magana da Ayi da mai shuɗiyar rigar. Abin da ta gaya min shi ne wai wani inji za a kafa a baranda mai fanka da babban tanki, yana zuƙo zafi daga iska ya dumama ruwa, wutar da yake sha ba ta kai rabin ta hitarmu ba. Wai masu wutar yankin suna mayar wa duk wanda ya sa shi kafin ƙarshen shekara wani kaso na kuɗin sayensa. Abin da ake so a wajena kawai sa hannu a fom, da kwafin fasfo, da adadin mutanen da ke amfani da ruwa a gidan.

To Gwaggo, ni ba yarinya ba ce. A ina aka taɓa jin mai sayar da wuta ya biya mutum don ya rage sayen wutarsa? Mu da muka taso muna ganin masu wuta da tsani a kafaɗa sun zo yanke waya, yau kuma a ce min su ne ke rabon kuɗi? Kuma wane zafi ne a cikin iskar da ta kusa kashe mu a watan Janairu har da za a zuƙo? Wannan duk da sauƙi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne tsohuwar nan ta yi magana mai tsawo, Fasuma ta taƙaita min ita a jimla uku. Ina tsaye ina ƙirgawa, sau biyar Ayi ta ambaci buta a gaban Fasuma, amma ko sau ɗaya Fasuma ba ta ce min ga abin da aka ce game da butocinmu ba. Kalma ɗaya tak na gane a duk zancen, kuma ita ce aka tsallake.

Ban ce mata komai ba, kunya da tsoro suka hana ni. Bayan sun tafi na zauna ina juya abin. Wa ya koya wa tsohuwar Basiniya kalmar Hausa? Duk benen nan ba mai jin Hausa sai ni da baƙina, su kuwa ko gaisuwar Sinanci ba su iya ba. Mutum ɗaya ce ke jin yaren biyu kuma take da lambar Ayi. Sai na tuna bara Fasuma ta taɓa ce min, cikin wasa wai, in na tashi barin gidan nan in fara gaya mata, don nata ya yi mata kaɗan. Kuma kwanan nan ita ma ta fara saukar baƙi. Na haɗa wannan da wancan, abin da ya fito min shi ne sun zauna sun yi maganata, an gaya wa tsohuwa ga sunan abin da ke jiƙa mata gida, takardar nan kuma ta amincewa ce da laifi ko ta tashi, an lulluɓe min ita da labarin inji.

Akwai kuma abin da zan faɗa miki don kin ce a riƙa gaya miki gaskiya. Dokar ƙasar nan ita ce duk baƙon da ya sauka a gida a kai sunansa ofishin 'yan sanda. Ina kai wasu. Wasu kuwa kwana huɗu za su yi, su ce ba za su ɓata yini a layi ba, ni ma sai in kawar da kai. Shi ya sa tambayar mutum nawa ne a gidan ta fi komai tayar min da hankali. In na rubuta gaskiya na tona kaina, in na rubuta ƙarya na sa hannu a kan ƙarya. Har na fara tunanin ko injin ma yana da wani abin da ke ƙirga masu buɗe famfo.

Na ce musu zan yi tunani, na riƙe takardar. Na kwashe butocin na tura ƙarƙashin gado, kowa ta ɗauka ta yi alwala ta mayar, har wata Hajiya 'yar Katsina ta tambaye ni ko an hana sallah ne a ƙasar. Sau uku Ayi tana hawowa tana ƙwanƙwasa ƙofa, ina ciki na ce kowa ya yi shiru. Ina jin hakinta ta bayan ƙofa, wallahi har cikin raina na ji ba daɗi, amma ban buɗe ba. A zuwa na uku ta rataye min ledar 'ya'yan itace a hannun ƙofa. Ban ci ba, ban kuma bar kowa ya ci ba. Fasuma ta kira ni ya fi sau goma ban ɗauka ba. Mun haɗu a wani gidan abinci na Musulmi, na gaishe ta sama-sama na wuce, na bar ta tsaye tana kallona. Na je na duba wani gida a bayan gari, tafiyar awa biyu, na san baƙina ba za su bi ni can ba.

Ina kewar Fasuma, kuma ina jin haushinta, duka a lokaci ɗaya. Ga kwafin takardar nan shafi biyu na haɗo miki ta hannun wata da za ta tashi ta filin jirgin Baiyun jibi. In sa hannu ne, ko in ƙi, ko in tattara kayana tun kafin a watso min su? Kuma in tari Fasuma da maganar ko in bar ta da Allah? Don Allah a sakaya sunana.

Taki,
Mai Saukar Baƙi a Hawa na Takwas

*

Wa alaikumus salam, 'yata. Wasiƙarki ta iso, takardar ma ta iso, kuma kin yi dabara da kika haɗo ta. Ni ma rubutun nan ban san kansa daga gindinsa ba, don haka na kai ta wajen mutum biyu da ba su san juna ba. Ɗaya Injiniya Kallamu ne, wanda ya yi shekara bakwai yana karatu a ƙasar da kike. Ɗayan wani Basine ne mai shagon yadi a Kantin Kwari da ke jin Hausa daidai gwargwado. Ban gaya wa kowannensu labarinki ba sai da ya gama karanta min. Bakinsu ya zo ɗaya: fom ne na neman tallafin sa injin dumama ruwa mai tsimin wuta. Babu maganar laifi a ciki, babu maganar tashi.

Kalmar da ta hana ki sukuni tana nan a saman shafin farko da manyan baƙaƙe. A yarensu "butiye" na nufin tallafi, wato kuɗin da hukuma ko kamfani ke ƙara wa mutum don ya sayi wani abu. Ba ruwanta da buta. Tsohuwa tana nuna inda za a cire tsohuwar hita ne, butocinki kuma suka yi rashin sa'ar zama a wajen. Ba wanda ya koya mata Hausa. Fasuma kuwa ba ta tsallake kalmar ba, ita ce ta fassara miki da cewa za a mayar da wani kaso na kuɗin. Injiniya ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ni ban taya shi sosai ba, don na san in ni ce tsaye a banɗakin nan, a ƙasar da ake yi wa irina kallon-kallo, buta zan ji.

Injin ma ba almara ba ne. Sa hannu a bayan firij ɗinki za ki ji ɗumi, zafin da ya kwaso daga ciki ne yake zubarwa waje. Wannan ɗin haka yake aiki, sai dai shi daga iskar waje yake kwasowa ya zuba a ruwan tanki, kuma Injiniya ya ce sanyin garinku bai kai wanda zai gagare shi ba, sai dai ya ɗan yi nawa. Masu wuta kuma ba don Allah suke bayarwa ba. Inda masana'antu suka yi yawa wuta ba ta isa, ya fi musu araha su taimaki gidaje su rage sha da su gina sabuwar tasha. Tambayar mutum nawa kuwa don a san girman tankin da za a kawo ne. Ba ya ƙirga kowa.

Duk da haka ba zan ce taka-tsantsan ɗinki banza ba ne. Ƙin sa hannu a kan abin da ba ki iya karantawa ba daidai ne, ki ci gaba da haka har ƙarshen zamanki a can. Ban san duk ƙa'idojin shirin nan ba, kuma fom ɗin bai faɗi wa zai sayi injin ba. Tunda mita da sunan Ayi take, tallafin hannunta zai shiga, ke ribarki ita ce saukin takardar wuta da wadatar ruwan zafi ga baƙinki. To a fayyace a rubuce, da yarensu da Turanci, cewa ita za ta saya, ita za ta gyara in ya lalace, kuma ba za a fake da shi a ɗaga miki haya a tsakiyar shekara ba. Kwafin fasfo za ki bayar, fasfon kansa kada ya bar hannunki. Ki kuma tambayi ƙarar fankar, kada maƙwabcin nan na ƙasa ya sami sabon abin ƙara.

Inda kike da rauni na gaske shi ne baƙin da ba ki kai sunansu. Wannan ba Ayi ce ta jawo miki ba, ba Fasuma ba, ba inji ba. Ko babu fom ɗin nan, ranar da aka ƙwanƙwasa miki ƙofa aka tarar da wadda ba a rubuta ba, ke da tsohuwar za ku kwana a ciki, kuma a ranar gidan zai tafi. Ki mai da shi sharaɗin sauka a wajenki: wadda ba za ta je layi ba ta nemi otal. Za ki rasa baƙuwa ɗaya ko biyu, za ki kuma daina jin faɗuwar gaba duk lokacin da aka tambaye ki lissafin mutanen gidanki. Ki tambayi ma ko akwai wata rajista da ake bukata ga mai saukar baƙi irinki, ki yi ta.

Game da Fasuma, mai yiwuwa ne tana sha'awar gidan, ai da bakinta ta faɗa, kuma wanda ya faɗi abu a fili ya fi mai ɓoyewa sauƙin zama da shi. Mai yiwuwa ne ma kamfanin injin zai ba ta 'yar la'ada, wannan kuwa ke ma kin san haka ake yi a sana'arku, ki tambaye ta kai tsaye. Ta yi kuskure da ta dunƙule dogon zance a jimla uku ga mace mai tsoro. Amma ke kin yanke mata hukunci a kan laifin da ba ta san da shi ba, kin wulaƙanta ta a gaban mutane, ba ki ko ba ta damar ta ce uffan ba. Ki je har gidanta, ba ta waya ba. Ki gaya mata abin da kika ji da abin da kika zarga, duka, har da na ƙarƙashin gado. Za ta yi dariya, wataƙila kuma ta yi kuka daga baya, don zargin aminiya yana da ciwo. Ki jure duka biyun, ki nemi afuwarta.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na matsa a buga amsar nan a wannan makon. A ƙasan shafi na biyu akwai gurbin da ake tambayar mai gida tsawon lokacin da wanda ke ciki zai ci gaba da zama. An riga an cike shi da rubutun hannu, an buga jan hatimi a kai. Ayi ta rubuta shekara uku. Wannan ba yarjejeniyar haya ba ce, sai kin sa an mayar da shi cikin sabuwar da za ku yi a Disamba kafin ya zama abin riƙewa, amma ya nuna miki abin da ke ranta ranar da ta hawo da mai awo.

Abin da ban sani ba shi ne ko har yanzu yana ranta. Ta hau bene takwas sau uku da shekarunta, ta ji motsinku a ciki, ba a buɗe mata ba, kuma ba ta da wanda zai fassara mata dalili. Dattijuwa irin wannan ba ta rasa mai neman gidanta. Kada ki jira ta hawo na huɗu. Ki ɗauki Fasuma da abin hannu mai kyau ki je inda take tun makon nan bai fita ba, ki ba ta haƙuri, a karanta miki takardar layi-layi a gabanta. Ita ta sa hannu a kan zamanki tun kafin ki san ana maganar, naki hannun ne ya rage.

Allah ya tsare miki gidanki da sana'arki, ya raya miki yaranki, ya sa ki tarar da ƙofarta a buɗe.

Gwaggonki,
Maijidda